Ranar da Ozella Ta Zubar da Maganin Jikanta

Shekara ashirin da shida Ozella Pruitt ta yi tana yanka kaji, ba a taɓa ganin hannunta ya yi rawa ba. A mayankar kaji ta Pell Creek, inda rabin unguwarmu ke neman abinci, ta ƙafa ake rataye kaji a jikin sarƙa mai tafiya. Sarƙar ta tsoma kawunansu cikin ruwan da aka sa wa lantarki, su yi laƙwas, wuƙar inji ta bi wuyansu. To, ba a rasa mai taurin kai, wadda za ta ɗaga kai ta tsallake ruwan, ta iso tana fuffuka da ranta. Irin waɗannan su ne rabon Ozella. Tana tsaye cikin wani ɗan ɗaki, jini har idon sawun takalminta, sai ta cafke kan, ta shafa wuƙa, ta jira ta gaba. Maza uku aka gwada a wurin kafin ita, ba wanda ya cika wata.

Mutanen kan tudu ne iyayenta, kuma suna da wata ɗabi'a da suke taƙama da ita: in za su bar abu, rana ɗaya suke barinsa. Da ubanta ya tashi barin giya, 'yan'uwansa suka ɗaure shi a gado kwana uku yana ihu yana zaginsu, ya tashi bai ƙara kurɓa ba har ya mutu. Ita ma haka ta rabu da mijinta Doyle. Shekara goma sha ɗaya yana jibgarta, tana zuwa aiki da kumburarren ido tana cewa ƙofa ce. Ranar da ya zubar mata da haƙora biyu, ta bari sai da ya zauna karin kumallo, ta sauke baƙin kaskon ƙarfe daga wuta ta ɗora masa a ƙeya. Kafin ya farfaɗo kayansa na kan titi. Da 'yarta Charlene ta faɗa shan ƙwayoyi, Ozella ta kulle ta a ɗaki, ta buga ƙusa a taga, ta zauna bakin ƙofa kwana biyar da bokiti da tsumma. Charlene ta yi shekara biyu garau. Saboda haka kada wani ya ce matar nan ba ta da hujja. Sau uku ta ga abin ya yi aiki da idonta.

Daga baya Charlene ta koma ruwa, ta ƙare a gidan yari, aka kawo wa Ozella ɗanta Bodie yana ɗan shekara biyar. Yaro ne siriri mai wushirya, bakinsa ba ya hutawa. In ba surutu ba to fito, har tsuntsayen bakin rafi yana kwaikwaya. Yana shigowa gidansu na langa-langa da taɓo har gwiwa, ƙaguwar rafi cike da gwangwani, yana kiran kakarsa da sunan da yake ce mata, Mamaw.

"Mamaw, kin ga wannan? Kamarku ɗaya, dubi yadda take harara."

"Uwarka ce ke harara. Fitar min da ita kafin in soya ku tare."

Amma yaron ya ga abin da bai kamata ido irin nasa ya gani ba. A gabansa saurayin uwarsa ya riƙa buga kanta da bango, shi kuma da ya yi kuka mutumin ya ɗago shi ta baya ya jefa shi cikin kabad ya rufe. Tun daga nan, ka yi wa Bodie komai, amma kada ka kama shi ta baya. Duk unguwa mun san haka. Ozella ta faɗa wa makaranta da baki, ta kuma rubuta musu.

Yana aji biyu wani sabon malami ya riƙo shi ta baya don ya hana shi fita. Bodie ya gartsa masa cizo har ƙashi, ya ɗauki kujera ya tarwatsa gilashin taga. Da Ozella ta iso, da warin jinin kaji a jikinta, ta tarar da ɗan sandan makaranta ya sa masa ankwa a dantse, saboda wuyan hannunsa ya yi wa ankwar ƙanƙanta. Yaro ɗan shekara bakwai, ya jiƙe wandonsa, yana ta haki.

"Cire masa," in ji ta.

"Misis Pruitt, sai ya natsu tukuna."

"Na ce ka cire masa. Kai da girmanka, ba ka ji kunya ba?"

Shugabar makaranta ta ce ba zai sake taka musu aji ba sai da takardar likita. A mayanka kuwa doka ce, duk wanda ya bar layi kafin a tashi a ba shi maki ɗaya, maki tara kora. Makaranta ta riga ta kira ta sau bakwai a shekarar. Gaba kura, baya sayaki.

Likitan ƙwaƙwalwa na yara ba ya zuwa Pell Creek. A allon talabijin yake fitowa daga birni, ranar Laraba ɗaya a wata, ku zauna a wani ɗaki na ƙaramin asibitin gunduma kuna kallonsa yana kallon takarda. Ozella ta sa rigarta ta zuwa coci.

"Likita, yaron nan ba hauka yake yi ba. Abin da ya gani ne yake cinsa. Wanda zai zauna ya yi magana da shi nake nema."

Likitan ya ce tana da gaskiya, akwai masu wannan aikin, sai dai layi ne na wata tara, kuma tafiyar awa biyu ce a mota. Amma akwai wata 'yar ƙwaya da za ta kwantar masa da hankali kafin nan, katin asibiti na gwamnati zai biya, yau ma za ta iya karɓa. Minti goma sha biyu suka yi, ta duba agogon bango. Sai a gida, da ta warware takardar da ke cikin kwalin, ta ga ashe maganin manya ne masu taɓin hankali, irin masu jin muryoyi. Ta daɗe tana juya kwalbar a hannu. Ta tuna ankwar nan, ta tuna maki bakwai, ta niƙa ƙwayar cikin man gyaɗa ta shafa masa a burodi.

Abin haushin shi ne ya yi aiki. Makaranta ba ta ƙara kira ba. A unguwarmu mai gida arba'in, na san yara shida da ke shan irin wannan ƙwayar, kuma ban taɓa jin an ba ɗan manajan mayanka ba, alhali shi ne ya taɓa cinna wa motar makaranta wuta. Shi an kai shi wurin mai saurarensa duk mako. Namu kuwa a rufe musu baki kowa ya huta.

Cikin shekara ɗaya da rabi Bodie ya ninka. Ci yake kamar gara, ba ya ƙoshi. Ƙirjinsa ya kumbura irin na budurwa, har wani ruwa na ɓata masa riga, yara suna binsa suna ce masa saniya. Yawu na zuba, hannu na karkarwa. Ozella ta koma gaban allon ta faɗa, aka ƙara masa ƙwaya ta biyu don karkarwar. Ta biyun ta hana shi barci, aka ƙara ta uku. Sau huɗu tana cewa a rage, sau huɗu ana ce mata ai yanzu ne ya daidaita, kada a taɓa. Fito kuwa ya daina tun tuni, ba ta ma san ranar da ya daina ba, wannan ya fi komai yi mata ciwo.

Wata Litinin da yamma ta dawo aiki ta same shi a tebur, cokali a hannu, abinci a baki bai haɗiye ba. Kansa ya langaɓe gefe guda, ido a buɗe, harshe na ɗan leƙowa yana komawa. Ta tsaya a bakin ƙofa. Ta san wannan langaɓewar, dubu nawa take gani a rana suna fitowa daga ruwan lantarki. Zuciya ta taso mata. Ta kwashe kwalabe ukun ta nufi banɗaki.

Maƙwabciyarta Earline, wadda ke duba yaron kafin ta taso aiki, ta biyo ta.

"Ke Ozella, me za ki yi?"

"Abin da ya kamata in yi tun bara."

"Ki bari ki tambayi likitan mana. Wanda ya ɗaure kura ai shi ya san yadda zai kwance ta."

"Wane likita? Na cikin talabijin? Ko sunan yaron sai ya duba takarda. Na raba uwarsa da ƙwayar da ta fi wannan, a ɗakin can, ke shaida ce."

"Uwarsa babba ce."

"Guba guba ce, Earline. Matsa min."

Ta juye su duka a masai, ta kora ruwa. Ta kira mayanka ta ce ba ta da lafiya, suka ce maki na takwas ke nan, ta ce su rubuta.

Kwana biyun farko sai hamdala. Idon yaron ya washe. Ranar Laraba ya dube ta ya ce gashinta ya yi kama da tsintsiyar da aka yar, ta kai masa dukan wasa. Ranar Alhamis da safe tana wanke-wanke ta jiyo fito daga bakin ƙofa, a shaƙe, yana yankewa, amma fito ne. Ta dafa bakin famfo ta yi kuka sosai, ita da ko a jana'izar uwarta ba a ga hawayenta ba.

Da yammacin ranar abin ya juya. Amai, gumi, jiki na tsuma. Ya kasa zama, ya kasa kwanciya, sai zagaye ɗaki yake yana yagar fatar hannunsa, yana cewa tururuwa na yawo a cikin ƙashinsa. Muƙamuƙinsa ya riƙa murɗewa shi kaɗai. Ozella ba ta tsorata ba, don a ganinta ta san hanyar nan. Haka Charlene ta yi, kwana na huɗu shi ne mai wuya. Ta ɗauko guduma ta buga ƙusa a tagarsa, ta ajiye bokiti da tsumma.

"Mamaw, ki ba ni maganin. Don Allah ki ba ni ko ɗaya."

"Babu, ɗan nan. Daure. Dattin ne yake fita."

"Kaina zai fashe!"

"Ba zai fashe ba. Jinin Pruitt ne a jikinka, mu ba ma fashewa."

Kwana uku bai runtsa ba, ita ma haka. Ranar Lahadi da tsakar rana, mutane na dawowa daga coci, ta buɗe ɗakin don ta kai masa romo. Ya bangaje ta, kwanon ya kife, ya yi ƙofar waje da gudu, ba riga, ba takalmi. Babban titi na nan gaban gidan, manyan motocin kaji na wucewa ko ranar Lahadi. Ozella ba ta yi tunani ba. Ta bi shi ta rungumo shi ta baya, ita da ta rubuta wa makaranta da hannunta cewa kada a yi haka.

Ihun da ya yi, mu da ke gida na huɗu mun ji. Ya sa ƙeya ya daki fuskarta, hancinta ya fashe. Ba ta sake shi ba. Suka faɗi tare a kicin, tebur ya kife a kansu. Yaron da ta saba ɗauka da hannu ɗaya yanzu ya kusa nauyinta, kuma ba ita yake gani ba. Hannunsa ya lalubo baƙin kaskon nan, shi dai wanda ya kori Doyle. Ta ɗaga hannun dama ta kare kanta. Ta ji ƙarar ƙashin kafin ta ji zafinsa. Ya ƙara mata na biyu a wurin, ya yar da kaskon, ya bi ta cikin gilashin ƙofa ya fita da shi a jikinsa.

Earline motar asibiti ta kira, amma a Pell Creek 'yan sanda ke fara zuwa. Su biyu suka same shi a tsakar ciyawa yana juyi, jini na tsartuwa daga dantsensa. Suka daka masa tsawa ya kwanta. Ina zai ji? Ɗaya ya kwashe masa ƙafa, ɗayan ya ɗora masa gwiwa a gadon baya, ya tura fuskarsa cikin ƙasa. A nan hankalinsa ya ɗan dawo, ya fara kiran "Mamaw! Mamaw!" bakinsa cike da ƙasa. Ozella ta fito, jini ya wanke mata gaban riga, hannu na reto kamar ba nata ba.

"Ɗaga shi! Shekararsa tara! Ɗaga shi, la'ananne!"

Ta kai wa mai gwiwar naushi da hagu a kunne. Ita ma suka kayar da ita, suka murɗe karyayyen hannun zuwa baya. Kaka da jika suna kwance a ciyawa, taku uku tsakaninsu, kowa na kiran sunan ɗan'uwansa, mu kuma muna tsaye cikin kayan coci muna kallo. Har yau ina jin kunyar wannan tsayuwar.

A asibitin birni wata tsohuwar likita mai furfura ta zo bakin gadonta bayan an ɗaure hannun. Ba ta yi mata faɗa ba. Ta ce ita ma ba ta ga dalilin ɗora wa yaro ƙwayoyi uku ba. Amma irin wannan magani ba a yanke shi rana ɗaya, ana ragewa ne kaɗan-kaɗan, wata da watanni, in ba haka ba jiki ya yi tawaye, abin ya dawo fiye da da.

"Da kin zo mun yi shi a hankali."

"Na zo," in ji Ozella. "Sau huɗu na zo. Wa ya faɗa min?"

An rubuta, ba shakka, a takardar nan ta cikin kwalin magani mai ninki goma sha shida, da rubutun da sai mai tabarau biyu. Garin neman gira an rasa ido, kuma Ozella ta san haka tun kafin kowa ya gaya mata.

Washegari jami'ar kula da yara ta zo, wata yarinya Mis Tolliver, da ba ta kai Charlene shekaru ba. Ta riga ta je gidan. Ta ga kwalabe uku wayam da kwanan watansu, ta ga ƙusoshi a taga, ta ga bokiti. A takardarta abin ya zama sakaci da lafiyar yaro da kulle shi a ɗaki, kuma in gaskiya za a bi, ba ƙarya ta rubuta ba. Earline ce ta haɗa masa kaya. Jaka ba ta samu ba, sai baƙar ledar shara, ta cusa masa har da gwangwaninsa na kamun ƙaguwa. Aka kai shi gidan renon yara masu rikici, tafiyar awa uku.

Aiki ya tafi, don ko ba maki na tara, hannun da ya karye wuri biyu ba ya sake riƙe wuƙa. Ozella ba ta ko waiwayi mayankar ba. Wata biyar tana zarya: kotu, ajin koyon tarbiyyar yara inda take zama da 'yan mata sa'o'in jikokinta, kotu kuma. Mace mai baki kamar reza ta koyi cewa "To, ranka ya daɗe" ga duk wanda ke riƙe da biro. Abu ɗaya take so, a dawo mata da yaronta.

Alƙali ya yarda, bisa sharaɗi. Za ta ba shi maganinsa cif yadda aka rubuta, za a riƙa ɗibar jininsa ana dubawa, ba maganar ragewa sai bayan wata shida. Ta tsallake ko sau ɗaya, ya tafi ke nan, ba dawowa. Kuma na ranar farko a gaban jami'a za ta ba shi, da hannunta.

Ranar Juma'a da hantsi Mis Tolliver ta kawo shi. Ozella ta soya kaza da dankali, ta gyara gilashin ƙofa, ta cire ƙusoshin taga. Ya fito daga mota a hankali, riƙe da ledarsa. Ya ƙara ƙiba, an aske masa kai, ga tabon ɗinki tun daga dantse har gwiwar hannu. Ta zagayo ta gabansa sosai, inda zai gan ta, kafin ta rungume shi.

"Kai, wannan ƙaton fa? Sun ci min siririn mijina sun kawo min buhu."

Ya ɗan yi murmushi, a makare.

Suka zauna a kicin. Mis Tolliver ta fito da kwalabe ta jera a tebur, yanzu huɗu ne. Ta buɗe takardarta, ta ce tana ba da haƙuri, doka ce. Ozella ta zazzage ƙwayoyin a tafin hannunta na dama, fara, ruwan ɗorawa, shuɗiya, da wata 'yar mitsitsiya da ba ta sani ba. Ta miƙa. Hannun ya kama rawa, har ƙwayoyin na tsalle, ɗaya ta kusa faɗuwa. Ta yi ƙoƙarin tsayar da shi, ya ƙi. Ba karayar ba ce, ta sani.

Bodie ya sa hannu biyu ya tallabe nata. Ya daɗe yana kallon kumburin da ƙashin ya bari.

"Mamaw, wa ya ji miki ciwo?"

Ta dube shi. Da gaske yake tambaya, bai tuna ba.

"Injin wurin aiki ne, ɗan nan."

"Mugun inji." Ya dubi ƙwayoyin. "In na sha, a nan zan kwana?"

"A nan za ka kwana."

"Gobe ma?"

"Gobe ma. Kullum."

Ya tsince su ɗaya bayan ɗaya daga tafin hannunta, ya watsa a baki, ya kora da ruwa. Sannan ya yi abin da aka koya masa a can, inda ake danne wanda bai nuna ya haɗiye ba. Bai juya wurin Mis Tolliver ba. Wurin kakarsa ya juyo, ya buɗe baki, ya ɗaga harshe, ya tsaya yana jira.

Ozella ta sunkuya ta duba.